Gonar Kakanmu Ta Zama Unguwa

A hutun da ya wuce na raka kawuna ziyara wata sabuwar unguwa a bakin garin Kano. Daga Kabuga muka hau a-daidaita-sahu, muka bi hanyar Gwarzo, muka wuce Rijiyar Zaki da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, sannan muka saki kwalta. A can gonar kakanmu take, inda muke zuwa cirar gyaɗa muna yara. Rabona da wurin ya fi shekara goma.

Ba mu yi nisa ba direban ya tsaya ya ce da kawu, "Baba, nan ne iyakata, lungun nan ba zai ɗauke ni ba." Muka sauka muka taka da ƙafa. Babu dawa, babu gero, ɗorawar da muke hutawa a gindinta ma an sare. Gidaje ne manne da juna, ruwan wanke-wanke yana bin tsakiyar hanya saboda babu kwata. Da ɗan garuwa ya turo kurarsa sai da muka raɓe jikin bango.

Na tambayi kawu yadda aka yi haka. Ya ce, "Ɗana, wannan shi ne awon igiya." Idan mai gona ya rasu, magada suka raba, sai dillalai su zo su yanka gonar ƙananan fulotai su sayar, ba tare da hukuma ta tsara wurin ba. Duk takun da aka bar wa hanya, a wurin mai sayarwa kuɗi ne ya rasa. Shi ya sa ake matse lungu, ba a ware filin makaranta, ko asibiti, ko maƙabarta. Shi kuma mai saye ba mugu ba ne: kuɗin haya ya kore shi daga cikin gari, fulotin gwamnati kuwa ya fi ƙarfin aljihunsa.

A da, waɗannan gonaki da birnin Kano cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi. Jakuna su kai itace da hatsi cikin birni, su dawo da taki. Yau birnin da ganuwa ta taɓa kewayewa ya mamaye ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. A ƙidayar 2006 an samu mutum miliyan 9.4 a jihar, kuma tun daga nan ƙaruwa ake yi.

Ba wai babu doka ba ne. Tun 1963 aka zana wa Kano tsarin shekara ashirin, amma gari ya riga takarda gudu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, sannan akwai hukumar tsara birane ta jihar, wato KNUPDA, wadda ake neman izininta kafin a yi gini. Matsalar ita ce igiyar dillali takan riga ma'aikacin safiyo isa gona. Kafin a zo da taswira an riga an tare, gyara kuma sai da rusau, wanda asara ce ga mai gida da gwamnati baki ɗaya.

Kawu ya nuna mini inda kududdufi yake a da, wurin da ruwan sama ke taruwa. An cike shi da shara, an yi gini a kai. Ya ce, "Ruwa ya san hanyarsa. Da damina nan yake dawowa, sai dai yanzu ɗakunan mutane yake tararwa."

Amma da muka ƙara gaba na ga abin da ya faranta mini rai. Hanya ce mai faɗi, mota biyu za su wuce juna, ga fili an kewaye an rubuta "Makaranta". Wani dattijo ya ce magadan wurin ne suka zauna da mai unguwa kafin a sayar, suka fitar da hanya da filin tun da fari. Fulotansu sun ragu, amma yanzu sun fi na maƙwabta daraja.

Ku ɗalibai, wannan darasin labarin ƙasa ne da ke ƙofar gidanku. Ku auna faɗin layinku da taku. Ku duba inda ruwa ke bi idan an yi sama. Ku tambayi iyayenku ko filin da za su saya yana cikin tsari. Masu sha'awa kuma su sani ana karanta ilimin safiyo da tsara birane a jami'o'inmu.

Kafin mu juyo mun tarar da yara suna buga ƙwallo a wani fuloti, ga bulo jibge a gefe. Na tambayi golansu ko nan ne filinsu. Ya ce, "Eh, Yaya, amma mai wurin ya ce bayan Sallah zai fara gini." Na ce to daga nan sai ina? Ya duba gabas, ya duba yamma, ko'ina bango ne, sai ya koma tsaron ragarsa.