Kwana shida bisa hanyar Damagaram

Mutumin ƙauye ba ya hawan mota a banza. In an gan shi a tasha, to ko cin rani za shi, ko gaisuwar mutuwa, ko kuwa marar lafiya zai kai asibiti. Tafiya don ganin gari kawai, ana cewa wannan aikin ma'aikata ne da Turawa. Amma akwai wani dattijo a ƙasar Arewa, kusa da Dogondutsi, wanda ya yi ta, shi da ƙanensa da wani makiyayi abokinsu. Ɗan dattijon direba ne a Yamai. Ya zo hutu da mota cikin watan Janairu, hatsi ya shiga rumbu, ga sanyi. Kowanensu ya sayar da buhun wake guda, suka haɗa kuɗin mai. Mutanen gari suka yi ta dariya, suna cewa bana wake ya tafi kallo.

Daga Dogondutsi zuwa Damagaram kilomita 600 ne da ɗoriya, duka bisa babbar hanyar kwalta. Tun kafin a tashi direba ya kafa sharaɗi biyu. Kowa ya riƙe katinsa na shaida a aljihu, domin jandarma suna tambaya. Na biyu, ba tafiyar dare, saboda amalanke ba ta da fitila, jaki kuma ba ya jin oda.

Kwanan farko a Birnin Konni suka yi shi. Gari ne na bakin iyaka, ba ya barci da wuri, ga ƴan canji, ga masu shayi. Ba su nemi otel ba. Makiyayin yana da dillali a kasuwar dabbobi, kuma al'ada ce dillali shi ne mai masaukin baƙonsa. Aka share musu zaure, aka kawo tabarmi da tuwo. Su kuma suka ajiye tiyar wake biyu da goro. Wannan shi ne masauki mafi arha a hanyar duka, amma sai wanda ya san mutum. Wanda bai san kowa ba, ya je ƙofar mai unguwa tun rana ba ta faɗi ba, ya gaya masa inda ya fito da inda za shi. Baƙon da ya iso bayan lisha, ko mutumin kirki ne, ana yi masa kallon tsoro.

Gaba kaɗan da Konni akwai Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu. Mai kwana guda na ƙari ya bi ta, ya tambayi garin Yama. Can akwai masallacin ƙasa wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 tare da mutanen gari. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine masu kyau na ƙasashen Musulmi. Laka ce da itace, irin wadda kowa yake da ita a bayan gidansa.

Su dai gabas suka miƙe. Suka wuce Malbaza da kamfaninta na siminti, suka tsaya a Galmi. Ƙanen dattijon ya san Galmi da asibiti kawai, don ya taɓa kai matarsa. Wannan karo fadama ya shiga. Albasa kore shar, fangali bayan fangali, injin ban ruwa yana ta ƙara. Ya tsuguna wajen wani mai lambu har rana ta take, yana tambaya: yaushe ake reno, yaushe ake dashe, kwana nawa tsakanin ruwa da ruwa. Aka nuna masa rudu, ɗakin kara da ake ajiye albasa a ciki iska tana ratsa ta, har lokacin da za ta yi tsada. Albasar Galmi, mai jan bawo, manyan motoci suna kai ta har Akara da Abijan. Ya sayi iri cikin ƙullin leda, ya sa shi a aljihun ciki tare da katinsa.

Madawa sun tsaya salla da cin abinci kawai. Gidan Rumji ma haka. Suka ratsa Tsibiri, inda Sarkin Gobir yake, suka shiga Maraɗi da la'asar.

A Maraɗi direba ya nace sai an kwana otel, wai shi ma ya huta. Dattijon bai ji daɗi ba. Kuɗin ɗaki ɗaya ya kusa kai rabin abin da ya samu a buhunsa, kuma ba wanda ya tambaye shi lafiyar gida. Amma ya yarda ruwan famfo da makewayi mai tsabta ba abin rainawa ba ne ga mai ciwon gwiwa. Da safe suka je dandalin ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi. Wani tsoho ya nuna musu gangaren Gulbi, ya ce can tsohon gari yake, ruwa ya cinye shi a 1945, shi ya sa aka hau tudu. Makiyayin kuwa hankalinsa yana wajen jar akuya ta Maraɗi, mai yawan haihuwar tagwaye, wadda fatarta take da daraja har ƙasashen Turai. Litinin da Juma'a su ne ranakun babbar kasuwa, wanda yake son ganinta ya daidaita tafiyarsa. Tabkin Madarumfa da kaburburan waliyyai 99 suna kudu, ba nisa. Amma yanki ne na bakin iyaka, kafin a nufe shi sai a tambayi mutanen gari halin hanya.

Bayan Tasawa akwai Maijirgi, ƙaramin gari wanda mota takan wuce ba ta tsaya ba. Mutumin Arewa ya kamata ya tsaya. Tun yana yaro dattijon yake jin labarin Sarauniyar Lugu da yaƙinta da Turawan Faransa a 1899. Rundunar da ta auka wa Lugu ita ce ta ƙone Konni, ta yi kisa mai yawa. Shugabanninta biyu, Bule da Shanuwan, a nan ƙasar sojojinsu suka juya musu baya suka harbe su cikin watan Yuli na wannan shekara. Kaburburansu suna Maijirgi. Dattijon ya tsaya ya duba, bai ce komai ba, ya koma mota.

Damagaram ta ci kwana biyu, kuma ta cancanta. Unguwar Birni tana tsakanin manyan duwatsu, lunguna ƙanana, gidaje masu zane a goshi. Fadar Sarki tun zamanin Tanimun take. Garin shi ne babban birnin Nijar a hannun Faransa har 1926, sa'an nan aka mai da mulki Yamai. Sun sauka a Zango, wajen wani ɗan garinsu mai sayar da fata. Can ne dama fatake da ayarin raƙuma suke sauka tun da. Ranar Alhamis kasuwa take cika. Alkakin da suka saya don tsaraba bai kai gida duka ba.

Amma abin da ya tsaya wa dattijon a rai ba fada ba ce. Tun daga Tasawa yake leƙen gonaki ta tagar mota. Da suka fita Mirya, kilomita 18 daga Damagaram, sai ya ce a tsaya. Gonaki cike da gawo, manya da ƙanana, awaki suna tsintar ƴaƴansa a ƙasa. Shi kuwa kowace bazara yakan sassabe gonarsa ƙwal, ya ƙone, sa'an nan iska ta zo ta binne shuka, ya sake shuka har sau biyu. Ya yi sallama da mai gonar.

"Malam, wa ya dasa muku waɗannan?"

"Ba wanda ya dasa, Baba. Toho ne na kututture. Ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka yanke sauran. Shi ne sassabin zamani."

Wannan dabara ta fara yaɗuwa daga ƙasar Maraɗi tun wajen 1984. Gawo kuwa kowa ya san halinsa: da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen kuma taki ne. Da rani dabbobi suna kwanciya a gindinsa, suna ƙara wani takin.

A hanyar komawa gardama ta tashi. Ƙanen ya ce itace a gona gidan tsuntsu ne, kuma in ya girma wani zai zo da gatari da dare. Makiyayin ya goyi bayan dattijo, ko da yake kowa ya san don awakinsa yake magana. Gonar gado ce, ba a raba ta ba, saboda haka ba mai iya yanke magana shi kaɗai. Sai da suka kai Madawa suka shirya. Gefen gabas, inda iskar hadari take bugowa, za a bar toho shekara uku. Gefen yamma za a sassabe kamar kullum. Kowane gefe za a ƙirga dammunansa dabam.