Ruwa a Ƙasa Ba Katifa Ba Ne

Akwai wani wasa da gwanayen hawan dutse suke yi a bakin teku. Mutum zai kama bangon dutse ya yi ta hawa, ba igiya ba ƙugiya, daga shi sai takalmi da gajeren wando. Idan hannu ya gaji sai ya saki, ya faɗa ruwa. An fi danganta farkon wasan da tsibirin Mayoka na ƙasar Sifen, inda Miquel Riera da abokansa suka soma shi a ƙarshen shekarun 1970. A shekarar 2006 kuma wani Ba'amurke mai suna Chris Sharma ya haye Es Pontas, wani dutse mai siffar baka da ke cikin teku a can, bayan ya sha faɗowa.

Bidiyon wannan hawa ne ya shigo ajinmu ta wayar wani ɗan'uwanmu, a daidai lokacin da aka ɗora mini nauyin shirya yawon buɗe ido na ƙarshen zango. An zaɓe ni ne don ni 'yar gari ce, 'yar ƙabilar Birom, a cikin duwatsun nan na tashi. Ɗan'uwan namu ya ce: "'Yar'uwa, mu ba mu da teku, amma ai muna da kududdufan kuza. Ga ganuwa, ga ruwa mai zurfi. Me ya rage?" Nan take aji ya ɗauka da shewa. Mutum 12 suka ba da suna, kuma da na bi su ɗaya bayan ɗaya, 3 ne kawai suka iya iyo.

Mai karatu, in ba ka san Jos ba, bari in faɗa maka abin da ake nufi da kududdufin kuza. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a wannan tsauni, har aka kai ga amfani da manyan injuna a wajejen Bukur da Rayfield da Barikin Ladi. Da kasuwar kuza ta faɗi a duniya a 1985, harkar da dama ta riga ta ja baya sai ta ƙara durƙushewa, aka bar ramukan a buɗe, ruwa ya cika su. Kakana lebura ne a wannan aiki, don haka wajensa na fara zuwa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Jikata, ramin nan mu muka haƙa shi. Ba shi da gangare kamar rafi. Taku ɗaya kina tudu, taku na biyu babu ƙasa. A gindinsa kuwa akwai taɓo da tsofaffin ƙarafa." Ya ƙara da cewa ganuwar da ake gani ƙasa ce da tsakuwa, da ka kama sai ta ɓantale a hannunka.

Daga nan na zauna na karanta yadda masu wasan suke shirya tafiyar sababbin shiga, na kwatanta da abin da muke da shi. Kafin kowa ya hau, sai an nutsa an duba zurfin wurin da za a faɗa, an tabbatar babu dutse a ɓoye. Wannan yana yiwuwa ne a ruwa garai-garai, namu kuwa sau da yawa ko tafin hannunka ba ka gani. Sai an san hanyar fita daga ruwa, a rataya tsani ko a ajiye kwalekwale kusa. Sai an bar gwanin iyo a ƙasa, ba shi da wani aiki sai kallon mai hawa. Sabon shiga kuma ba ya wuce 'yan mitoci kaɗan. Dalili shi ne, wanda ya faɗo daga tsawon mita 10 yana isa ruwa da gudun kusan kilomita 50 a awa. In ya shiga da ƙafa a miƙe, lafiya lau. In ya faɗa da baya ko da ciki, numfashi na iya ɗaukewa, kuma wanda numfashinsa ya ɗauke ba ya iyo ko da gwani ne. Ga kuma sanyi: Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma duk wanda ya taɓa ruwanmu da hunturu ya san yadda yake daskarar da gaɓoɓi.

A aji biyu Malam ya koya mana karin maganar nan, "iya ruwa fid da kai". A lokacin na rubuta ta ne don jarrabawa. Yanzu na ga ita ce dokar wannan wasa gaba ɗaya: faɗawa kowa ya iya, fitowar ce gwaninta.

Saboda haka na mayar da tafiyar tsaunukan Shere, gabas da gari, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. A can ne makarantar horon 'yan Man O' War take, don haka samun wanda ya san igiya da taimakon gaggawa ba wuya. Ga tsarin da na kai wa aji. Za mu tafi ranar Asabar a ƙarshen Nuwamba, lokacin da damina ta ɗauke, dutse ya bushe, babu santsi babu tsawa. Za mu fara gaishe da mai unguwa, mu nemi izini da ɗan jagora, domin duwatsun nan suna da masu su, kuma akwai wuraren al'ada da baƙo ba ya shiga. Babu mai hawa fiye da mita 3. Za mu shimfiɗa katifu a gindin dutse, mutum biyu su tsaya da hannu a sama su tare kai da kafaɗar mai faɗowa. Kowa ya zo da takalmin roba da ruwa lita 2. Kada a cusa hannu a tsagar dutse sai an duba, saboda maciji da zuma. Bayan azahar mu sauko.

Rubuta sanarwar da Hausa ma wani darasi ne. Ni da na koyi Hausa a kasuwa da makaranta, da kalmar "dutse" nake kiran komai. Sai ga shi dole in bambanta tsauni da tudu, falalen dutse da kogo, gangare da kwazazzabo, domin wanda aka ce masa "bi ta gangare" ya nufi kwazazzabo, kuskuren nahawu ya zama karaya.

Ba kowa ya ji daɗin canjin ba. Mai bidiyon ya ce na mayar da su yara, har mutum biyu suka janye. Amma mahaifiyar wata ƙawata ta kira ni, tambayarta ɗaya ce: "'Yata, akwai ruwa a wurin?" Na ce, "Babu, Mama, sai na sha." Ta ce, "To, na ba ki amanarta." Da na ajiye wayar sai da jikina ya yi sanyi, domin a nan na san nauyin abin da aka ɗora mini.

Ban kashe wa ɗan'uwan namu buri ba. Mun yi da shi cewa bayan mun dawo daga Shere zai shiga koyon iyo a kwamin wanka mai mai tsaro, ni ma zan raka shi. Ranar da ya iya ninƙaya mita 200 ba hutu, sai mu fara tara kuɗin zuwa inda ruwa yake garau. Kafin nan, duk mai tsohuwar katifa a ɗaki ya taimaka ya ara mana. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.