Zanen Aro A Birnin Manila

A ƙarshen watan Yuni na 2023 na sauka a Manila, babban birnin ƙasar Filifin. Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ɗana na fari ne ya kammala karatun likita a can, uwarsa kuma ta kafe a kan lalle sai ɗayanmu ya je ya gani da idonsa. Na tarar damina ta kankama, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, motoci kuwa sun cushe a titi har mai tafiya a ƙasa yana wuce mu yana waiwaye.

Amma fa akwai wata buƙata ta biyu da na riƙe a zuci. A farkon shekarun 1980, sa'ad da gwamnatocin jihohin Arewa ke ɗauko malamai daga Indiya da Pakistan da Filifin domin makarantun sakandare, wani ɗan Filifin ya koya mana lissafi shekara uku. Da tattalin arziki ya karye, albashi ya daina kai wa gida, sai ya tattara ya koma ƙasarsu kamar sauran 'yan uwansa. Ɗana ya sha wahalar cigiya kafin ya gano yana nan da ransa a birnin Kezon, ya haura shekara tamanin.

Muka same shi a kujerar kaba, jikoki na shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kama hannunsa ya ɗora a goshi yana ce masa "Lolo", watau kaka. Ni kuwa na durƙusa irin tamu. Ya ƙura mini ido, ga furfurata ga tasa, sa'an nan ya ce da Hausa, "Yaro, ina gajiya?" Shekara arba'in ke nan bai yi magana da Bahaushe ba. Na ce, "Ba gajiya, Malam," muryata na rawa.

Ban samu damar dogon tuna baya ba, don kuwa Malam a fusace yake da akwatin talabijin. Kwanaki kaɗan kafin nan, ranar 27 ga Yuni, ma'aikatar yawon buɗe ido a ƙarƙashin minista Christina Frasco ta fito da sabon kirarin da za a riƙa tallar ƙasar da shi, wai "Love the Philippines", ma'ana ka ƙaunaci Filifin. Aka haɗa shi da ɗan gajeren fim mai ban sha'awa. Mako bai zagayo ba sai masu sa ido suka gano cewa wasu hotunan ba na Filifin ba ne sam. Gonakin shinkafar da aka nuna na Bali ne a Indunusiya, jirgin da ke sauka a Siwizalan yake sauka, yashin hamadar kuma na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne. Kamfanin tallar ya nemi gafara, aka janye fim ɗin, aka soke kwangilar.

Gonakin shinkafar su suka fi ƙona wa Malam rai. Ya ce, "Yaro, muna da tsibirai 7,641. A Ifugawo kakanninmu sun sassaƙe duwatsu hawa-hawa da hannu suka shuka shinkafa, har hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1995. Mota ce kawai za ta kai ka, kwana ɗaya. Amma mai ɗaukar hoton ya ga zuwa can wahala ne, sai ya sayo gonar maƙwabci." Na ce masa ai Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Ya sa na maimaita, na fassara masa, ya yi dariya har da tari, ya sa jikarsa ta rubuta masa a bayan kalanda.

Daga nan ya shiga jero mini kirarin da ƙasarsu ta sha, kamar yadda yake jero mana lissafi a allo. A 2002 an yi "WOW Philippines" a zamanin Richard Gordon. A 2010 aka fito da "Pilipinas Kay Ganda", watau Filifin kyakkyawa, wanda ko wata ɗaya bai yi ba aka binne shi, saboda baƙo ba ya jin harshen, tambarin kuma ya yi kama da na ƙasar Poland. A Janairun 2012 Ramon Jimenez, wanda shi da ma ɗan talla ne kafin ya zama minista, ya kawo "It's More Fun in the Philippines", wato an fi shan daɗi a Filifin. Shi ma nan da nan aka tono wata tsohuwar tallar Siwizalan ta 1951 mai kalmomi iri ɗaya. Duk da haka ya yi fiye da shekara goma yana aiki.

Wannan na ƙarshe shi Malam ya fi so, dalilinsa kuwa ya ba ni mamaki. Ya ce mutane sun ƙwace shi daga hannun gwamnati. Ambaliya ta ci unguwa, yara na iyo a bakin ƙofa, sai wani ya ɗauki hoto ya rubuta a ƙasa cewa an fi shan daɗin iyo a Filifin. Mutum goma sun hau babur ɗaya, a ce an fi shan daɗin tafiya. Ya ce, "Kirarin da talaka zai iya yin ba'a da shi ya zama nasa. Sabon nan kuwa umarni ne. Yaushe aka taɓa ba mutum umarnin ƙauna?" Ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, don na lura a kwanakin da na yi cewa dariyar tasu wani lokaci takan zama hanyar haƙura da abin da bai kamata a haƙura da shi ba. Na faɗa masa. Ya ce to, ai shi ya sa Allah ya yi masu shirya fim.

A nan zancen ya yi zurfi, kuma a nan nake so 'yan uwa marubuta su saurara da kyau. Malam ya ce ɓoye fuskar Manila ba yau aka fara ba. Imelda Marcos, matar shugaban ƙasa, wadda ta zama gwamnar Manila da kewaye a 1975, ta kasance idan manyan baƙi za su zo sai a kafa katangu a shafe su da fenti, don kada idon baƙo ya faɗa kan unguwannin matalauta. A wannan shekarar ce kuma Lino Brocka ya fito da fim ɗinsa "Maynila sa mga Kuko ng Liwanag", wato Manila a cikin faratan haske. Labarin wani saurayi ne masunci da ya bar ƙauye ya shigo birni neman budurwarsa, wadda aka yaudara da alkawarin aiki. Ya kama leburanci a wurin gini, shugaban lebura na zaftare masa lada, yana kwana inda dare ya yi masa. Duk abin da katangar ta rufe, Brocka ya kai kyamara bayanta. A 1980 Ishmael Bernal ya yi "Manila by Night", hukumar tace finafinai ta daddatse shi, ta cire sunan birnin daga kansa, aka kuma hana a kai shi bikin finafinai na Balin. A Nuwamban 1981, ana gaggawar gina katafaren gidan sinima don bikin finafinai na duniya da Imelda ta shirya, sai wani sashe ya rufta da ma'aikata a cikin ɗanyen siminti. Har yau ana jayayya kan adadin waɗanda suka mutu, amma an yi bikin a Janairun 1982 kamar yadda aka tsara.

Malam ya ce, "To, dubi yadda ta kaya. Brocka ya rasu a haɗarin mota a 1991. A 2013 aka gyara fim ɗin nan nasa aka nuna a Kan ta Faransa, baƙi na kallo suna kuka. Wa ke tuna launin fentin katangar?" Da daddare jikarsa ta kunna mana fim ɗin. Ban ji ko kalma ɗaya ta harshen Tagalog ba, fassarar Turancin kuma tana gudu ta bar ni a baya, amma na san wannan shugaban lebura, na san wannan ɗakin haya. Na taɓa ganinsu, ba a Manila ba.

Kada mai karatu ya zaci Malam mutum ne mai tsananin ra'ayi a kan komai. Duk ƙarshen shekara, daga ranar Kirsimeti, gidajen sinima kan ajiye finafinan waje su nuna na gida saboda bikin finafinai na Manila, yawancinsu na barkwanci da soyayya da fatalwa. Ya ce shirme ne zalla, kuma bai taɓa fashin zuwa ba.

Batun karatu shi ya fi taɓa ni. Gwarzon ƙasarsu marubuci ne, Jose Rizal, likitan ido da ya buga "Noli Me Tangere" a Balin a 1887, da "El Filibusterismo" a Beljiyam a 1891, Turawan Sifen kuma suka harbe shi ranar 30 ga Disamba 1896. A 1956 aka yi doka cewa dole a koyar da littattafan a makarantu, duk da adawar cocin Katolika. Da Sifananci ya rubuta su, harshen da 'yan ƙasar kaɗan ne ke karantawa a yau, don haka fassara ake bi. Malam ya ce dokar ta mai da wuta ta zama darasin jarrabawa, yara na haddace sunayen taurari daga taƙaitawa. A gwajin PISA na 2018 ƙasar ce ta zo ta ƙarshe a fahimtar karatu cikin 79. Ya ce amma kada in yi saurin cewa mutanensu ba sa karatu. Littafin da Brocka ya mai da fim, na Edgardo Reyes, kashi-kashi ya fara fitowa a Liwayway, mujallar talakawa da ake bugawa tun 1922.

Sai ya miƙa hannu ƙarƙashin kujera ya jawo wani kwali cike da 'yan ƙananan littattafan soyayya na Tagalog, masu araha, bangonsu duk ya ƙode. Na matarsa ne. Ya ce shekara talatin yana yi mata gori a kansu, yana cewa ɓata ido ne. Bayan rasuwarta ya buɗe ɗaya don kawai ya ga inda ta naɗe shafi, sai ya tarar da mace ta tafi aikatau Hon Kon ta bar 'ya'ya, da miji a Saudiyya shekara shida, da kuɗin makaranta da ba su iso ba. Yanzu ya karanta fiye da rabin kwalin. Wanda ya san gorin da aka sha yi wa littattafanmu na Kano ba sai na yi masa bayanin abin da na ji ba.

Da zan tafi ya tambaye ni aikina. Na ce ina taɓa rubutu, littattafaina uku. Ya yi murna ƙwarai, ya ce lalle na sa tsamiyar nan ta bayan ɗakin gwaje-gwaje, inda mai ƙosai ke zama, da hazon hunturu da ke sa alli ya ƙi kama allo, da jirgin ƙasan da ke katse masa darasi ƙarfe goma sha ɗaya. Ya tuna su duka. Na yi shiru. A littafina na farko masoya suna haɗuwa ne a wani lambu mai furanni da ruwa mai tsiri, wanda babu irinsa a garinmu, daga finafinan Indiya na ɗauko shi. A na biyu akwai gida mai hawa bakwai. Tsamiya ba ta fito ko sau ɗaya ba. Na ce, "Malam, tana cikin na huɗu." Ƙarya na yi masa, don a lokacin ko shafi ɗaya na na huɗun babu.

Bayan na dawo da mako biyu na hau mota na je tsohuwar makarantar. An sare tsamiyar, an gina shaguna a wurin, jirgin ƙasa kuwa mai gadi ya ce shi tun da ya kama aiki bai taɓa jin ƙararsa ba. Na zauna a kan wani bulo daidai inda nake zaton kututturen yake, na fito da takarda, na fara da ƙoƙarin tuna ko nawa mai ƙosan ke sayar mana da guda biyar.