Irin gurjin Kaka

1/ Da Kaka ta rasu, ana rabon kayan ɗakinta aka tsinci wani ƙullin tsumma a cikin tukunya mai toka. Ba wanda ya kula shi. Na kwance, sai ga irin gurji guda 14. Gurjin da take yanka mana da yajin ƙuli muna yara. 🧵

2/ Na shuka bakwai a buhunan siminti a bayan gida, ƙasa haɗe da takin akuya. Cikin mako ɗaya biyar suka tsiro. Wallahi kullum da asuba sai na leƙa su kafin in duba waya.

3/ Fure ya fito, rawaya shar, amma kullum sai ya kaɗe. Na ɗauka ƙwari ne, na sayo magani na fesa. Ƙudan zuman da ke zuwa suka ɗauke ƙafa. Ko gurji ɗaya ban samu ba.

4/ Na kai kuka wurin wani dattijo mai lambu. Ya yi dariya ya ce, "Yaro, furen farko namiji ne, dama kaɗewa yake. Macen tana zuwa daga baya, za ka ga ɗan ƙaramin gurji a gindinta. Zuma ce ke haɗa su, kai kuma ka kore ta."

5/ Saura bakwai. Da suka yi fure ban fesa komai ba. Da sassafe nakan tsinki namiji, in cire ganyen furen, in goga shi a kan macen. Bayan 'yan kwanaki gindin ya fara kumbura. Kai jama'a!

6/ Abin da ya fi wuya shi ne barin biyu mafi kyau a jikin yaɗo har su tsufa su yi rawaya. Sai ka kwashe 'ya'yan, ka jiƙa kwana biyu ko uku. Na kirki su nutse, holoƙo ya taso sama. Ka shanya a inuwa.

7/ Irin kanti mai alamar F1 yana da yabanya, amma in ka adana 'ya'yansa ba lallai su gado shi ba. Na Kaka kuwa kowace shekara shi ne dai, muddin wani ya shuka. In ya daɗe a ajiye, mutuwa yake.

8/ Yanzu ina da cikin kwalba. Na ɗiba na kai wa Umma, ta juya su a tafin hannunta ta yi shiru. Ku bincika tukwanen kakanninku tun suna raye, ku tambaye su yadda ake yi.