Iya Nas ta Bungudu

Da yawa daga cikin masu ilimi sun ɗauka cewa duk Kiristan da ke Zamfara baƙo ne, wanda aikin reluwe ko kasuwanci ya kawo kakanninsa bayan jirgin ƙasa ya iso Gusau. Akwai irin waɗannan. Akwai kuma wasu 'yan ƙasa, Hausawa gaba da baya, da suka fito daga gidajen Maguzawa da ƙananan ɗakunan shan magani na mishan ɗin SIM, wanda ya haifi ikilisiyar ECWA a 1954. A cikinsu aka haifi tsohuwar da matan Bungudu ke kira Iya Nas.

A Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, ta koyi haɗa baƙi. Daga nan aka tura ta asibitin mishan na Wusasa ta koyi aikin jinya, a lokacin da ake kallon budurwar da ta bar gida don karatu da wutsiyar ido. A Zariya ta haɗu da wani matashin soja da ya fito daga Difo, suka yi aure.

Auren soja yana da harajin da ba a rubuta shi a takarda. Duk sa'ad da aka yi wa maigida canjin wurin aiki, sai ta ajiye nata, ta ɗaure kaya, ta sake neman gurbi a wani asibiti daga ƙasa. Shi yana samun igiya a hannu, ita shekarun aikinta suna gutsurewa. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, aka bar ta a bariki da yara ƙanana har zuwa Janairun 1970. Da rana tana wanke raunuka, da dare kuma ita magajiyar bariki ke tasa idan naƙuda ta kama matar wani, ko idan za a je gaya wa wata cewa mijinta ba zai dawo ba. Ta san abin da ke biyo bayan wannan saƙo: takaba, sannan a nemi matar ta bar ɗakin gwamnati. Nata mijin ya dawo, amma ba ta taɓa yin murnar a gaban waɗancan matan ba.

Bayan ya yi ritaya suka koma Bungudu, a nan ne ta yi aikin da aka fi tunawa da ita a kansa. Macen da ke kulle, wadda kunya ke hana ta zuwa gaban likita namiji, takan yarda Iya Nas ta shigo har ɗaka. Ta koya wa ungozomomi dafa reza da zare kafin yanke cibi. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun nuna a shekarun 1970 cewa yawan kunun kanwa da zafin wankan jego suna da hannu a ciwon zuciyar masu jego. Ita ba ta taɓa cewa a bar al'ada ba. Takan zauna kusa da uwar miji ta ce, "Inna, a rage kanwar nan, a kuma sirka ruwan." Sau da yawa akan ji.

An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999. 'Ya'yanta suka matsa mata ta koma Kaduna, ta ce ba ta ga wanda zai kore ta daga garin da ta yanke wa rabinsa cibi ba. Ta ci gaba da ɗaura zanen Zumuntar Mata ranar Lahadi, tana raba shinkafar Kirsimeti gida-gida, naman layya kuma yana shigo mata har ya yi yawa.

Da ta rasu, jikoki da dama ba su samu zuwa ba, saboda tsoron 'yan bindiga a hanyar Funtuwa zuwa Tsafe. Maƙwabta ne suka cika tsakar gidan. Wata dattijuwa ta share hawaye ta ce, "Allah sarki, ai halinta duk na Musulmi ne." Yabo ne mafi girma da take da shi, kuma daga zuciya ya fito. Sai dai ya bar wani abu a baya. Haƙurin da suka gani, da tashin daren da ba ta karɓi ko kwabo a kansa ba, daga bangaskiyarta take ɗebo su, kuma da Hausa take addu'ar kowace safiya kafin ta ɗauki jakar aiki.

Jikokin da ke Abuja da Legas yanzu suna tattara hotuna da takardunta. Takardar shaidar aikin jinya tana nan, takardun fansho kuwa ba su kai rabin shekarun da ta yi tana aiki ba. Sauran lissafin yana bakin matan Bungudu, kuma waɗanda suka san shi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.