Yadda Na Taya Ɗan Kwangila Korar Mutane

A watan Yuni na 2014 Shugaba Mahamadou Issoufou ya zo Salkadamna, cikin gundumarmu ta Takanamat, ya aza harsashin aikin haƙar gawayi da tashar lantarki da aka ce za ta ba da megawat 600. Daga ranar duk inda aka ɗora butar shayi hira ɗaya ake yi: idan aikin ya kankama, wa za a ɗauka? Wanda bai san yankinmu na Adar ba zai ga tambayar ƙarama ce. Mu kuwa da an ɗaure damman gero samari suke watsewa biɗa, wasu Abijan, wasu Legas, wasu su bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya, a bar ƙauye da mata da tsofaffi da jakuna. Saboda haka duk wanda ya miƙe ya ce aikin da ya zo ƙasarmu 'ya'yanmu za su yi shi, ba ya rasa masu tafa masa. Ni na fi kowa iya faɗin wannan magana, kuma na fi kowa son tafin.

Aikin gawayi ya yi ta jan ƙafa. Abin da ya zo mana ƙarami ne, kuma ba shi da alaƙa da wancan: wani ɗan kwangila ya samu gyaran hanyar burji da zuba kankare a mashigan koramu. Ya taho da ƙwararrunsa, magina da masu ɗaurin ƙarfe da kafintoci da direbobi, yawancinsu daga Ƙonni da Maraɗi da Doso. Su suna da kwantiragi a rubuce, da lambar asusun inshorar ma'aikata na CNSS, da takardar biya ƙarshen wata. Mu 'yan gari leburori ne, a biya mu da yamma hannu da hannu, gobe in an ga dama a kira ka. Ni da yake na yi kwaleji, ina rubuta Faransanci ba laifi, aka ba ni littafin kiran suna. Da safe in kira, da yamma in sa alama. Wannan littafi ya kumbura mini kai fiye da yadda mota ke kumbura kan sabon direba.

Wakilin da ma'aikata suka zaɓa wani dattijo ne mai ɗaurin ƙarfe daga wajen Ƙonni. Baba muke ce masa. Ba shi da yawan magana, kuma kullum akwai ɗan littafi a aljihun gabansa da guntun fensir da yake fiƙewa da wuƙa. Ina ganinsa yana rubuce-rubuce da karkataccen hannu, ina dariya a zuci, don ni ne mai littafin gaske.

Rigima ta tashi ranar da aka sallami mutum uku saboda sun tambayi kuɗin awoyin da suke ƙarawa bayan lokacin tashi. Biyu baƙi ne, ɗaya maƙwabcina ne, yaron da muka yi kiwon awaki tare. Baba ya je Tawa ya sanar da sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, ya dawo da takarda mai shafi biyu da buƙatu uku: a mayar da waɗanda aka kora, a daidaita albashi da kuɗin ƙarin awoyi, sannan a duba ɗaukar 'yan gari. Ya ce sakataren sandika ya ja kunne, kada kowa ya shiga wurin patoro, wato mai kamfani, shi kaɗai, a jira har ma'aikatan ɗaya sansanin kamfanin su sa hannu, a kai takarda ɗaya ga ɗan kwangila, kwafi ga sufeton ƙwadago.

Na karɓi takardar, na duba shafin farko, na ga maganarmu ce ta uku. Nan na tsaya. Na ce wato mu ne wutsiya, a ƙasar iyayenmu. Baba ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri mu gama kai. Abin da munka shirya ya haɗa da ku." Na ce, "Baba, kai albashinka na tafiya, shi ya sa jira bai dame ka ba." Samari suka yi shewa. Tun daren nan suka fara ce mini shugaba, ni kuma ban hana su ba.

Ba a jima ba mai kula da aikin ya aiko a kira ni. Ban taɓa shiga kwantenar da yake zama ba sai ranar. Akwai fanka, akwai ruwan sanyi, an kawo balangu a takardar siminti. Ya ce ya daɗe da lura ni ne mai ilimi a wurin nan. Ya ce su ma 'yan gari suke so su ɗauka, amma gurbi ya cika, kuma ba za su iya taɓa kowa ba sai da hujja daga jama'a. "Ka rubuto mana," in ji shi. Ina tauna nama ina jin kamar ni na ci shi da yaƙi.

Na kwana ina rubutu da fitilar waya. Na ce al'ummar yankin suna buƙatar a sakar musu guraben da baƙi suka tare. A ƙarshe na ƙara wata jimla da na saba ji a rediyo, cewa in ba a yi haka ba, ba mu da alhakin abin da zai biyo baya. Wallahi ban nufi a taɓa kowa ba, na sa ta ne don ta ba wasiƙar nauyi. Na bi samari suka dangwala yatsa. Na je wurin dattawan gari na gaya musu rabin abin da ke ciki, suka sa albarka. Baba bai san komai ba sai da aka gama.

Ɗan kwangila bai ɓata lokaci ba. Aka tara ƙwararrun aka ce musu jama'ar gari sun yi barazana, kamfani ba zai iya lamunce tsaronsu ba, kowa ya kama gabansa. Baba kuwa ba a kore shi ba, don dokar ƙwadago ta hana a sallami wakilin ma'aikata sai da izinin sufeto. Aka ce an mayar da shi wani aiki mai nisa don a tsare lafiyarsa. Aka ɗauki samarinmu a guraben magina da masu ƙarfe. An yi kiɗa a gari. Wata tsohuwa ta aiko mini da zabo.

Abin da ban tambaya ba shi ne: a kan nawa? Sunan aiki ya canja, kuɗi bai canja ba. Magini da albashin lebura, biyan yini, ba kwantiragi, ba CNSS. Mafi ƙarancin albashi da doka ta yanka a lokacin sefa 30,047 ne a wata, tun 2012, kuma ranar da siminti bai iso ba ko motar ruwa ta lalace ba a biyan ko dala, don haka da yawanmu ko wannan ba ma kaiwa. Daga baya ma biyan yamma ya koma na mako, na mako ya koma "sai an turo daga Yamai". Wa zai yi magana? Shugaba ne ya kawo su, shugaba kuma yana jin kunyar komawa kwantena ba nama.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauko, korama ta kawo, kankaren da yaranmu suka zuba ya tsage kamar busasshen tabki. Ba laifinsu ba ne, ba wanda ya koya musu tazarar ƙarfe ko yadda ake jiƙa kankare ya sha ruwa. Masu duba aiki suka ƙi karɓa. Ɗan kwangila ya ce mun yi masa asara, ya sallame mu gaba ɗaya da bashin makonni a kansa, ya karɓe littafin kiran suna don na kamfani ne.

Sai ga ni a Tawa, ofishin sufeton ƙwadago, da babbar riga da jawabin da na haddace a mota. Akan fara neman sulhu a gabansa kafin a je kotun ƙwadago. Ban kai ga jawabin ba. Ya ce ina kwantiragi? Babu. Takardar biya? Babu. Lambar CNSS? Babu. Wa ke wakilinku? Na ce ni ne. Ya ce yaushe aka yi zaɓe? Na yi shiru. Wakilin kamfani, wanda tun shigowarmu bai ce uffan ba, ya buɗe jakarsa a hankali ya zaro takarda ɗaya ya miƙa.

Tun tana hannunsa, daga ƙetaren tebur, na gane ta. Na gane layin da na ja da rula a ƙarƙashin kanun. Na gane sa hannuna mai lanƙwasa uku, wanda na yi ta koya a bayan littafi tun ina firamare don ranar da zan zama babban mutum. Sufeto ya karanta ta a bayyane, a nutse, kamar mai karanta wasiyya. Da ya zo jimlar nan ta rediyo ya maimaita ta. Sannan ya ɗaga kai ya ce wa ya rubuta wannan? Fanka na juyawa amma gumi na bin bayana. Samarin da suka rako ni duk suka juyo suna kallona, su da suka dangwala yatsa ba su san abin da ke ciki ba sai yanzu da aka fassara musu. Na buɗe baki in ce ba haka nake nufi ba, sai na ga ba wanda ya tambayi nufina. Takarda ba ta ɗauke da nufi, abin da aka rubuta kawai take ɗauke da shi. A wannan zama na fahimci cewa ɗan kwangila bai taɓa jin tsorona ba. Takardar Baba yake tsoro, mai buƙatu uku da hannun kowa a kai, yana neman wanda zai yaga masa ita daga ciki, ya same ni a kan kuɗin balangu. Ya rabu da masu tsada, ya rabu da kuɗin da yake zuba musu a CNSS, ya rabu da wakili, maganar mutum ukun da aka kora ta bi iska, kuma duk da hujja a rubuce cewa jama'a ne suka nema.

Sufeto ya ƙara da abin da ya fi mini ciwo. Ya ce dokar ƙwadago ta 2012 ta san bambanci tsakanin ɗan Nijar da ɗan wata ƙasa wajen ɗaukar aiki, amma ba ta san wani bambanci tsakanin Ba'adare da Bagobiri ba, hasali ma ta hana a ware mutum saboda asalinsa. Ina jin haka na tuna wa ya biya mini kuɗin kwaleji. Mahaifina ya yi shekaru yana talla a Ajame, cikin Abijan, a zamanin da aka ɗora wa baƙi katin zama a farkon shekarun 1990, ana tare su a hanya ana tambayar takarda. Na girma ina jin yadda ake ce musu sun tare wa 'yan ƙasa abinci. Mu Adarawa mun fi kowa sanin ɗacin wannan magana, don mu ake gaya wa ita a ko'ina. Ni kuwa na samu alƙalami na rubuta ta a kan mutanen Ƙonni, da tsakaninmu da su tafiyar 'yan awoyi ce a mota.

Baba yana ofishin ranar, shi da sakataren sandika, sun zo kan ƙarar ƙwararrun. Na so ƙasa ta tsage. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Ɗana, ka karanta shafi na biyu?" Sakatare ya miƙo mini. A nan aka fayyace buƙata ta uku: duk aikin lebura na 'yan yankin ne, a yi musu rajista a CNSS, kuma kowane ƙwararre a haɗa shi da yaro ɗan gari ya koya masa sana'a, a ba yaron shaidar aiki in an gama. Abin da nake ta haƙilo a kai ke nan, har da ƙarin da hankalina bai kai ba. Mai karatun unguwa bai juya shafi ba.

Sakataren ya ce buƙatun nan uku duwatsun murhu ne, ka ɗauke ɗaya tukunya ta kife. Sai bayan na ƙone na gane. Aikin 'yan gari da ba a ɗaure shi da albashi ba, sunansa arha, kuma kowane ɗan kwangila zai yi maraba da shi. Albashin kuma, in ana iya korar wanda ya tambaye shi, ba ya wuce takarda. Ko manyan ƙungiyoyin ƙwadago na Yamai sun sha wannan darasi. USTN tana dunƙule lokacin da yajin aikinta na 1990 ya taimaka wajen tilasta wa gwamnatin Ali Saibou amincewa da jam'iyyu da yawa, har aka kai ga babban taron ƙasa na 1991. Daga baya ƙungiyoyi suka yawaita, CNT ta fito, CDTN ta ɓalle, amma da aka zo zama da gwamnati sai da suka nemi inuwa ɗaya ta ITN. Da irin wannan zaman ne aka amince a ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa sefa 42,000. Manya masu ofis da lauyoyi ba su yarda su shiga ɗaki ɗai-ɗai ba, ni da littafin aro na shiga.

Kada mai karatu ya ce shi ba zai yi ba. Ba a zo mini da maganar cin amana ba. An zo mini da maganar da na yi imani da ita, wadda har gobe nake ganin gaskiya ce, cewa bai kamata a yi aiki a ƙasarmu yaranmu suna kallo ba. An haɗa da yabo da ruwan sanyi, a lokacin da jira ya ishe ni. Ranar da aikin Salkadamna ya tashi da gaske, guraben za su fi na hanyar burji yawa nesa ba kusa ba, kuma za a kira wani cikin kwantena.

Sulhun da aka yi bai kai ya kawo ba. Ƙwararrun, da yake suna da takardu, sun samu kuɗin wa'adin sallama da shaidar aiki. Mu abin da ya cece mu ɗan littafin nan ne na aljihun Baba. Ashe tun farkon aiki yake rubuta ranakun kowa da awoyinsa, har da na leburori 'yan gari, har da nawa. Da shi aka tilasta kamfani ya biya wani abu na ƙarin awoyin watannin farko. Makonnin da muka yi bayan tafiyarsa kuwa ba wanda ya rubuta sai ni, a littafin da ba nawa ba, don haka sun tafi.

Mutum ukun farko ba a mayar da ko ɗaya ba. Maƙwabcina ya sayar da tumakinsa ya bi hanyar Agadas. Mahaifiyarsa har yau ni take kawo wa waya in duba mata ko ya turo saƙo daga Libiya, kuma ban taɓa gaya mata cewa sunan ɗanta ne na farko a takardar da na ƙi jira ba.