Dillalin da ba ya shawara da kowa

Duk ɗan kasuwar da ya zauna a ƙasar da ba tasa ba ya san darajar dillali. Shi ne mai tare baƙo a bakin tasha, ya kawo shi rumfarka ko ya wuce da shi ta wani. A zamanin nan babban dillalin duniya shi ne Google. Mutum yana Kumasi ko Jamus, ya rubuta abin da yake nema a waya, nan take a jero masa shaguna. Wanda bai fito a sahun farko ba, tamkar mai rumfa ne a ƙuryar kasuwa.

Ni shadda da huluna nake sayarwa a Nima, cikin Akra, daga Kantin Kwari a Kano nake saro yawancin kayana. 'Yata ta fari ce ta buɗe mana shafin intanet, kuma a bakinta na fara jin cewa dillalin nan yana da ƙa'idojin da yake auna shafuka da su: rubutun naka ne ko kwafowa ka yi, su wa ke nuno shafinka daga nasu, yana buɗewa da sauri a waya ko a'a. Ƙananan gyare-gyare dubbai yake yi a shekara. Manya kuwa sau kaɗan ne, amma idan suka zo, wani ya hau, wani ya sauka.

Abin ba yau ya fara ba. A Fabrairun 2011 aka kawo gyaran da ake kira Panda, ya danne shafukan da ba su da komai sai kwafe da cika fili. A Afrilun 2012 Penguin ya biyo baya, ya kama masu sayen mahaɗa, wato masu biyan kuɗi don wasu shafuka su riƙa nuno nasu. A 2015 aka fara fifita shafukan da ke karantuwa a waya. A Agustan 2022 kuma kamfanin ya bayyana cewa zai fifita rubutun da aka yi don amfanin mutum, ba don yaudarar inji ba.

Wanda ya taɓa mu a unguwa shi ne na Maris 2024. Akwai maƙwabcina, shi ma shadda yake sayarwa, mutumin kirki ne ƙwarai. Wani yaro ɗan boko ya zo masa da alkawarin kai shi sama a wata biyu, yana karɓar kuɗi duk wata. Ya cika masa shafi da rubutu ɗaruruwa da na'ura ta ƙirƙira: shadda mai arha a Akra, shadda mai arha a Tamale, shadda mai arha a Kumasi, magana ɗaya ce, sunan gari kawai ake canjawa. Hotunan ma na wasu ne. Kuma gaskiya abin ya ci na ɗan lokaci, waya ba ta hutawa a rumfarsa.

Wata rana ya ce mini, "Malam, kai da 'yarka kun cika wahalar da kanku. Ku ba yaron nan aiki ku huta mana."

Na ce, "Alhaji, bari dai mu gani. Zanen aro ba ya rufe katara."

Gyaran ya fara ranar 5 ga Maris, bai kammala ba sai 19 ga Afrilu, kuma an yi shi ne musamman don rage irin wannan rubutu na barkatai. Ku duba kalanda: azumi ya kama a tsakiyar Maris, aka yi Ƙaramar Sallah a watan Afrilu. Wato lokacin da mai shadda ke samun cinikin da zai riƙe shi rabin shekara. Alhaji ya riga ya karɓo kaya bashi, yana lissafi da masu kira daga intanet. Cikin makonni shafinsa ya ɓace daga sahun gaba. Yaron ya kashe waya. Sai da muka haɗu mu uku muka rage masa kaya a kan kuɗin sari kafin ya iya biyan uban ɗakinsa da kuɗin makarantar yara.

Namu shafin bai girgiza ba, kuma ba wata dabara muke da ita ba. Ni ke zaunawa bayan sallar isha'i in yi bayani, 'yata tana rubutawa: wannan shaddar yadi nawa ce, tana zuba in an wanke ko ba ta zuba, wacce ta dace da babbar riga, wacce ta fi kyau da aikin hannu, yadda ake auna kai kafin a sayi hula, kwana nawa kaya ke yi kafin su isa Tamale. Hoto da wayarta take ɗauka a hasken rana, don kada launi ya yaudari kowa. Takan ce, "Baba, abin da kake gaya wa mai saye a rumfa, shi kawai za mu sa." Irin wannan bayani ba a samunsa a wurin na'ura, sai wanda ya shekara ashirin yana taɓa yadi.

Amma kada in rufe ku, gaskiya ma ba ta ba mutum tabbacin zama a sama. A gyaran Satumban 2023 ƙananan shafuka da yawa a Amurka da Turai, masu rubutun kansu, sun yi kukan raguwar masu ziyara. Daga Mayun 2024 kuma aka fara sa amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako, mutum ya karanta ya tafi bai leƙa shafin kowa ba. Dillalin nan ba ya shawara da kai kafin ya canja hanya.

Shi ya sa muke da littafi. Duk wanda ya saya, da izininsa muke ajiye lambarsa, in sabon kaya ya iso mu tura masa ta WhatsApp. Mun kuma yi rajistar rumfa a taswirar Google, kyauta ne, wanda ke kusa ya gan mu da adireshi da lokacin buɗewa. Intanet ta kawo mana baƙo sau ɗaya, riƙe shi kuwa aikinmu ne.

'Yan'uwa da ke Kwatano, Lome, Yawunde da Njamena, idan yaranku ne ke kula da shafin shago, kada ku sakar musu shi ku koma gefe. Su suka san na'ura, ku kuka san kaya da mutane. Duk wanda ya zo da alkawarin sahun farko cikin sati biyu, ku tambaye shi me zai rubuta, a ina zai samo shi. In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku. Allah Ya sa albarka a nemanmu.